Makullin shago a hannun mai shago

Wata Hajiya da ke sayen kayana daga Abuja ce ta fara sanar da ni cewa shafina na intanet ya mutu. Ranar Laraba ce, ina tsugune gaban kasko ina gwada wani sabon haɗi, sai ga kiranta. Bayan mun gaisa ta ce, "Mai turare, kin daina sana'ar ne? Na shiga shafinki in nuna wa ƙawata, sai wasu tallace-tallace nake gani da ba naki ba." Na ce mata ƙila sabis ne. Na ajiye waya, na wanke hannu, na gwada da kaina. Ko kwalba ɗaya tawa babu a wurin.

Turaren wuta da humra nake haɗawa a gidanmu da ke Tudun Wada, sana'ar da na gada wurin Umma, ita kuma ta koyo a Maiduguri zamanin da Baba yake aikin jirgin ƙasa a can. Shekara da shekaru cinikina na baki da baki ne, sai hotunan da nake ɗorawa a WhatsApp. A 2022 wani yaro ɗan layinmu, mai ladabi ƙwarai, ya ce zai buɗe mini shafin intanet. Na biya shi, ya yi, ya kuma yi kyau. Don murna har na sa aka buga mini adireshin a jikin sitika, na bi kwalabe da ledoji ina mannawa. Abin da ban tambaya ba shi ne da sunan wa aka yi rajistar adireshin. Ban ma san ana tambaya ba.

Ashe da imel ɗinsa ya yi, kuma abin haya ne na shekara-shekara. Shekara ta cika yana can kudu wurin bautar ƙasa, ya sauya layi, saƙonnin tuni suna ta faɗawa akwatin da ba ya buɗewa. Sai da na bi ta wurin mahaifiyarsa na same shi. Ba mugunta ya yi mini ba, shi ma hankalinsa ya tashi, amma ya manta kalmar sirrin imel ɗin, layin da za a turo masa lambar tabbatarwa kuwa ya ɓata. Ana cikin "bari in sake gwadawa, Anti" wa'adin fansar sunan ya wuce. Har yau akwai ragowar sitikar nan a kwali ƙarƙashin gadona.

Da abin ya lafa sai na kira autanmu, wanda ya karanta kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Na ɗauka zai ce in kawo ya yi mini. Ya zo da yamma, ya ci tuwonsa, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Yaya, in na gina miki, baɗi ni ne wancan yaron. Zan samu aiki a Legas ko in yi aure, ki riƙa nemana don a sauya farashin humra. Ke za ki yi, ni zan zauna a gefe." Na ce masa ni da ko takardar Word sai na yi da gaske nake shiryawa? Ya ce ai saboda irina aka yi abin da ake kira CMS.

Bayanin da ya yi mini a bayan wata tsohuwar kalanda shi ne har yanzu nake yi wa duk wadda ta tambaye ni. Abu uku ne. Akwai sunan shafi, da suke ce wa domen, shi ne kamar lambar shago a kasuwa. Akwai masauki, wato hostin, kwamfutar wani kamfani da ba a kashewa, inda hotunanki da rubutunki suke kwana, shi ne ginin shagon. Na ukun shi ne CMS, manhajar da ke ba ki ƙofar baya ki shiga ki jera kaya, ki sauya farashi, ki cire abin da ya ƙare, ba tare da kin rubuta layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Da can wanda bai iya HTML da CSS ba bai isa ya taɓa shafi ba, kamar a ce sai ka iya aikin magini da na kafinta kafin ka jera kwalabe a kanta. Ya ce manhajojin nan iri biyu ne. Wasu kamfani ne yake ba ki shago, da kanta, da fenti, duk a haɗe, ki riƙa biyan haya. Wasu kuma kyauta ake ba ki manhajar, ki nemi masaukinki ki girka ta, in masaukin ya gundure ki ki kwashe kayanki ki koma wani.

Kafin ya tafi ya sa ni rubuta abin da nake so shafin ya yi. Na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na juya bayansa. Na fara da cewa ya yi kyau, ya ce in goge wannan, kowa haka yake cewa. Abin da ya rage shi ne gaskiyar sana'ata: masu saye a wurina kusan duk da waya suke shiga, da yawa da datar da suke lallaɓawa. Farashina ba ya wata guda bai motsa ba, don icen sandal da almiski da turarukan da nake zubawa daga waje suke zuwa. Da Hausa nake son rubuta bayanin kaya, da ɗan Turanci a ƙasa. Sannan duk abin da zan biya, in biya da naira. Ya karanta, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa: in na gaji da wurin, zan iya tashi da kayana?

Da Wix na fara, ɗaya daga cikin na hayar nan, don tallarsa ce ta fi bina a YouTube. Ba zan ɓoye ba, mako guda na yi ina jin daɗinsa. Ki ɗauko hoto da linzamin kwamfuta ki ajiye inda kike so, ki ja rubutu gefe, ki sauya launi, kamar mai jeren ɗakin amarya. A dare biyu na haɗa abin da na tura wa ƙawayena suna ta yabawa. Sai dai na kyautar yana zuwa da tallar kamfanin a saman shafi, adireshin kuma dogo ne mai ɗauke da sunansu. In kina son sunanki zalla, kina kuma son karɓar kuɗi, sai kin shiga tsarin biya, kuma da kuɗin waje ake lissafinsa.

A nan lissafi ya tsaya mini. Farkon 2024 ne. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta yi ta hawa, zuwa Fabrairu ta haura 1,500. Kuɗin da yake ƙarami a bakin ɗan Amurka, a wurina kuɗin kwalaben humra da dama ne kowane wata, kuma ban san nawa zai zama a wata mai zuwa ba. Ga shi a wancan lokacin, tun daga 2022, bankuna da yawa sun rage ko sun tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai mutum ya nemi katin dala na manhajar waya, ko ya roƙi wani ya biya masa. Wato in sake rataya shagona a wuyan wani. Sannan tambayar auta ta ƙarshe: shafin da aka gina a Wix a Wix yake zama, ba a ɗaukarsa ɗungurungum a kai wani masauki. Tsarinsu ke nan, ba su ɓoye ba, kuma wanda kuɗinsa ke shigowa da dala ba shi da abin damuwa. Ni dai maciji ya taɓa sarana, ko tsumma na gani sai na ja da baya.

Squarespace da Shopify leƙawa kawai na yi. Na farkon ya fi su duka tsari a ido, na biyun kuwa don kasuwanci zalla aka yi shi, amma dukansu haya ce ta wata-wata da kuɗin waje, sai na rufe. Blogger na Google kyauta ne, har ana iya ɗaura masa sunan da mutum ya saya, kuma da rubuce-rubuce kawai nake yi da nan zan tsaya. Amma ba shi da kwandon saye, ba shi da wurin cewa wannan kwalbar mai girma uku ce, kowace da farashinta.

Akwai wata hanyar da ya kamata in yi mata adalci, don na ga mata da yawa suna wahalar da kansu alhali ita ta dace da su. Kamfanonin gida irin su Paystack da Flutterwave da Bumpa suna ba da ɗan shagon intanet da aka riga aka shirya. Ki ɗora hoto, ki sa farashi, a ba ki adireshi ki raba, kuɗi ya shigo asusunki da naira. Wadda kayanta goma ne, kuma abin da take so kawai shi ne a gani a biya, wallahi wannan ya ishe ta, kada wani ya ruɗe ta da manyan kalmomi. Ni abin da ya hana ni shi ne ina son wurin rubutu mai faɗi. Rabin tambayoyin da ake mini ba na farashi ba ne: yaya ake turara kaya ƙamshi ya kama, me ya sa turarena yake ƙauri a kasko, wanne ya dace da ɗakin mai jego. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a saƙon murya sau ashirin. Ina son in rubuta sau ɗaya, in riƙa tura adireshin.

Sai muka koma iri na biyu, wato manhajar kyauta da ke za ki nema wa masauki. Na sayi sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsa ta hannun dillalan da ta amince da su. Wannan karon ni na cike fom ɗin da yatsuna, da sunana, da imel ɗina, da layin da nake riƙe da shi tun kafin aurena. Na sayi ƙaramin masauki na shekara guda wurin wani kamfanin gida, da naira, da katina na kullum. Su biyun a haɗe ba su kai kuɗin leshi mai kyau guda ba. A cikin allon sarrafa masaukin, wanda ake kira cPanel, akwai wani abu mai suna Softaculous da ke girka manhaja da dannawa biyu ko uku. Auta ya ce kada in yarda da bakinsa, in girka manyan guda uku, Joomla da Drupal da WordPress, a gefe-gefe, in ba kowace aiki ɗaya: shafi ɗaya mai hoton humra, da farashi, da lambar waya.

Joomla ce ta fara ba mu dariya. Auta yana bayanin cewa a 2005 ta fito, kuma sunan daga kalmar Suwahili ne mai nufin gaba ɗaya, sai Umma da ke gefe tana jan carbi ta ce, "To ai jimla ke nan, me ya kai ku Suwahili?" Sunan ya zo kusa da gida, aikin ne bai zo ba. Na rubuta bayanin humra, na adana, na buɗe shafi, babu shi. Ashe sai na sa shi a rukuni, in koma wani wurin in ƙirƙira masa mashiga a jerin saman shafi, lambar wayar kuma wani ɗan akwati ne daban da za a zaɓa masa mazauni. Akwai hikima a tsarin, na gane haka daga baya, kuma makaranta ko ƙungiya mai sassa da yawa za ta more shi. Amma na tambayi kaina ko zan tuna waɗannan matakan ranar da na kwana ina dakan haɗi. Drupal kuwa minti arba'in na ba ta. Tun a allon farko na ji kamar an ajiye ni a ofishin da kowa ya san aikinsa sai ni. Auta ya ce ba laifina ba ne, jami'o'i da gwamnatoci masu ma'aikatan kwamfuta ne suka fi amfani da ita. Ya ce fadar shugaban Amurka ma ta hau ta a 2009, amma a ƙarshen 2017 ta koma WordPress. Na ce to ni wace ce.

A WordPress aikin nan ya ɗauke ni ƙasa da rabin awa, har da neman inda ake sa hoto. Amma kafin nan sai da na yi wani ɓatan kai da nake ganin kowa yana yi. Tun kafin auta ya zo, na taɓa shiga WordPress.com na buɗe asusun kyauta, na yi ta neman inda ake ƙara kayan shago ban gani ba, na yanke cewa abin ba shi da amfani. Ashe gida biyu ne masu suna ɗaya. WordPress.com masaukin haya ne na kamfanin Automattic, mai matakan biya. Manhajar kanta kuwa, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kyauta ce ga kowa, ita ce ake samu a WordPress.org, ita ce kuma Softaculous ya girka mini. Duk wadda za ta bi wannan hanya ta riƙe wannan bambancin, zai rage mata mako guda na haushi.

Sauƙin ya taimaka, amma ba shi ya yanke hukuncin ba. Wata ranar Asabar na je wani shagon kwamfuta a titin Ahmadu Bello sayen caja, sai na tambayi yaran wurin, su huɗu, wa ya iya Joomla. Ɗaya ya ce ya taɓa ji. Na ce WordPress fa? Uku suka ɗago kai, har da wanda ke cin shinkafa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, kuma ma'anar wannan a wurina ita ce ranar da abu ya lalace, auta yana Legas, zan hau keke in sami mai dubawa kafin la'asar, in kuma bai yi mini ba in sami wani. Da ɗan gari akan ci gari. Na dawo gida na goge sauran biyun.

Daga nan aikin gaske ya fara, kuma bayan isha'i nake yinsa, a tsohuwar kwamfutar maigida wadda batirinta ba ya kai awa. Sau biyu ana ɗauke wuta ina tsakiyar rubutu, na dawo na tarar manhajar ta adana mini da kanta. Tun sigar da ta fito a Disambar 2018, rubutu a WordPress tubali-tubali ne: wannan tubalin na rubutu, wannan na hoto, wannan na maɓalli, ki ɗora ɗaya kan ɗaya. Mutane sun yi ta ce mini in sa Elementor don in riƙa jan abubuwa kamar a Wix. Na gwada, yana da kyau, amma na ga tubalan asali sun ishe ni, kuma duk abin da aka ƙara nauyi ne a kan wayar mai saye. Kwandon saye da farashi kuwa WooCommerce ne ya kawo su, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ake jonawa, waɗanda ake kira filogin. Da na zaɓi Najeriya da naira, na ga alamar ₦ ta fito gaban farashin kwalbar farko, sai da na kira Umma ta zo ta gani.

Abin da ya fi cin lokacina babu wanda ya ambace shi a duk bidiyon da na kalla, don masu yin su ba da Hausa suke rubutu ba. Na zaɓi wata rigar shafi, wato zubin da ke ba shi kamanni, mai siririn rubutu kamar na katin biki. Na rubuta "Baƙar humra mai ƙamshi". A kwamfuta sai na ga ƙ ɗin ta fita daban da 'yan uwanta, ta fi su kauri, kamar baƙuwa a cikin dangi. A tsohuwar wayar Umma kuwa ɗan akwati ne ya fito a gurbinta. Dalili shi ne salon haruffan da rigar ta zo da shi ba a zana masa ƙ da ɗ da ɓ ba, sai na'ura ta aro daga wani salon, in ba ta samu ba ta sa akwati. Wata ƙawata ta ce in cire lanƙwasar kawai, kowa zai gane. Na ƙi. Ni da malamin Hausarmu ya sha bugun tebur a kan bambancin baki da baƙi, da kasa da ƙasa, ba zan buɗe shago da sunana in rubuta "bakar humra" ba. Maganin ashe ɗan kaɗan ne: na sauya salon zuwa Noto Sans, wanda Google ya yi don ya ɗauki haruffan harsuna masu yawa, komai ya daidaita. Tun daga ranar, kafin in kalli kyan kowace riga, sai na fara rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" in ga yadda za ta yi da shi.

Lanƙwasar ba ta gama da ni ba. Da na kwafi adireshin baƙar humra na tura a WhatsApp, sai ya fito da tarkace a tsakiya, %c6%99 a inda ƙ take, kamar irin saƙon da 'yan damfara ke turowa. Wata ma ta tambaye ni ko an yi mini kutse ne. WordPress daga kan rubutu yake ƙera adireshi, harafin da ba na Turanci ba kuma haka ake juya shi. Sai na koyi gyara wutsiyar adireshin da hannu, a can kaɗai nake rubuta bakar-humra ba lanƙwasa. Na uku kuma, akwatin nema. Yawancin mutane ba su sa allon rubutun Hausa a wayarsu ba, ko da yake Gboard, allon rubutun waya na Google, yana da shi, don haka "kamshi" suke bugawa, shafin kuma ya ce babu. Yanzu a ƙasan bayanin kowane kaya akwai ɗan layi da nake jera sunan a rubuce ta hanya biyu. Malaminmu ba zai so ba, Allah ya jiƙansa, amma ciniki ne.

Sai nauyi. Hotunan da nake ɗauka da waya kowanne yana kai megabait uku ko huɗu, na ɗora guda talatin a shafin farko. A gida da daddare yana buɗewa, sai wata 'yar uwata da ke Rigasa ta ce ta jira har shayinta ya huce. Na sauke su duka, na rage faɗinsu, na matse kowanne ya koma ƙasa da kilobait 200, na mayar. A ido babu bambanci. A nan ne kuma na gane cutar da ke kama sabon shiga, wato kwaɗayin filogin. Akwai su dubbai kyauta, kowanne da alƙawarinsa, na tara goma sha bakwai a mako biyu, har da mai sa taurari suna zubowa a allo. Wata safiya na danna sabunta duka, shafin ya koma fari fat da layi ɗaya na gargaɗi. Na zauna a bakin gado jikina ya yi sanyi, na ce shi ke nan, an maimaita. Sai na tuna imel ɗin nawa ne. Na buɗe, ga saƙo daga manhajar kanta, ta faɗi wanda ya kawo matsalar, ta ba ni hanyar shiga in kashe shi. Minti goma shafin ya dawo, ban kira kowa ba. A ranar na rage su zuwa shida, kuma ɗaya daga cikin shidan aikinsa kawai ya riƙa tura kwafin shafin gaba ɗaya zuwa ma'ajiyata ta Google kowane mako.

A cikin wannan tsakanin wani a wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya yi mini tayin rigar shafi mai tsada, wai ya samo ta a ɓagas, in ba shi na kati kawai. Auta ya ce irin waɗannan na sata ne, kuma sau da yawa an cusa musu ƙofar da ɓarayi za su shigo ta ciki. Na ce masa na gode, Allah ya kawo kasuwa.

Wannan shi ne kuɗin da WordPress yake karɓa, tunda bai karɓi naira ba: kula. A Wix ko Shopify kamfani ne yake sabuntawa, yake gadi, ke dai ki biya. A nan ke ce mai gadin. Duk ranar Lahadi bayan azahar ina ba shi kamar minti ashirin, in tabbatar kwafin ajiya ya tafi, in sabunta abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ina buɗe shafin a waya tsakanin kowanne. Ɗan kwaɗon da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa gefen adireshi, mai nuna shafin a tsare yake, kyauta masaukina ya ba ni ta hannun wani tsari mai suna Let's Encrypt, kuma da kansa yake sabuntuwa. Wadda ta san ba za ta iya ware wannan minti ashirin ɗin ba, ban ba ta shawarar bin sawuna ba, gara ta biya haya ta huta.

Na jona Paystack don masu son biya da kati, na yi ta ɗoki. Abin dariya, cikin masu saye goma da wuya biyu su bi ta nan. Sauran sukan duba kaya, su karanta bayani, su danna koren maɓallin WhatsApp da na sa ƙarƙashin kowace kwalba, mu gaisa, a tambayi yara, a nemi ragi, sannan a yi tiransifa a turo mini rasit. Da farko abin ya dame ni, har na ce wahalar banza na sha. Daga baya na lura hirar ta sauya. Da can da "nawa ne" ake farawa, in tura hoto goma, a ɓace. Yanzu mace tana zuwa ta riga ta san girman da take so da kuɗinsa, wata ma ta karanta abin da na rubuta a kan turara kayan jarirai. Rubutun nan guda ɗaya ya kawo mini wata mai haɗa lefe daga Zariya da ban taɓa sani ba, daga Google ta faɗo.

Auta ya samu aikinsa, ba a Legas ba, a Fatakwal. Kalmomin sirrin guda uku, na sunan shafi, da na masauki, da na shiga WordPress, suna rubuce a takarda cikin akwatin da takardar gidanmu take, maigida ya san wurin. Ranar biyan kuɗin shekara kuwa na rubuta ta a bangon littafin bashi da jan biro, na kuma sa waya ta tuna mini wata guda kafin ta zo. Makon jiya kuɗin kwalabe ya ƙaru, ina tashar Kawo zan ba direba saƙon Kano, sai na kira yarinyar da ke taya ni aiki, wadda na buɗe wa nata asusun mai iya taɓa kaya da farashi kawai. Na ce ta ƙara ɗari biyar a kan kowace babbar kwalba. Ta ce, "Anti, har da farar humra?" Na ce har da ita. Kafin direban ya gama ɗaure kwalin a but na duba wayata, ta sauya, sai dai ta rubuta 55,000 a inda ya kamata ta sa 5,500. Na gyara a tsaye, na karɓi lambar direban, na tura wa mai kayan.